Yadda Ake Fara Saƙar Hannu a Gida da Masaƙar Tsaye

Wanda ya yi niyyar koyon saƙa a ƙasar Hausa zai tarar da masaƙa iri biyu a gabansa, kuma ya kamata ya san bambancinsu tun kafin ya sayi zare ko ya nufi wurin kafinta. Ta farko ita ce ta maza, wadda masaƙi ke zama a cikinta yana taka mataka da ƙafa, allera biyu, wato zarurrukan da ke ɗaga zaren tsaye, suna hawa da sauka, yana wurga ƙoshiya mai ɗauke da zaren kwance daga hannu zuwa hannu, zaren kuma yana miƙe can nesa har zuwa kunkuru, wato abin da ake ɗora wa dutse domin ya riƙe ƙunshin zaren ya ja shi. Da ita ake saƙa siraran ƙwaryoyin saƙi da barage da fari waɗanda ake ɗinke su a yi riga ko zane, kuma ita ce ta ɗaga sunan Kano, har Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya iso birnin a shekarar 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a can suna kaiwa Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Har yanzu akwai masu wannan sana'a a yankin Minjibir da Kura. Sai dai tana son fili mai tsawo, tana son kayan aiki da yawa waɗanda sai gwani ne ke iya haɗa su, kuma da wuya mutum ya iya ta ba tare da ya zauna kusa da masaƙi na tsawon lokaci ba.

Ta biyu ita ce masaƙar tsaye, wadda mata suka daɗe suna aiki da ita a cikin gida, a ƙasar Hausa da kuma garuruwa irin su Bida da Okene da Akwete. Ba ta da mataka, ba ta da matsefi, bango kaɗai take nema ta jingina, kuma ƙyallen da take fitarwa yana da faɗin da za a iya amfani da shi kai tsaye, a yi majanyi ko mayafi, ko kuma a haɗa biyu a yi zane ko gwado. Tana da jinkiri idan an gwada ta da ta maza, amma jinkirin nan ne ke ba mai koyo damar ganin abin da kowane zare yake yi. A ganina da ita ya dace a fara, ko mai koyon mace ce ko namiji, kuma a kanta wannan bayani zai tsaya.

Haɗa masaƙar

A sa kafinta ya haɗa katako huɗu masu ƙwari su zama firam mai tsayin santimita 150 da faɗin santimita 80 daga ciki, katakon ƙasa ya ɗaga daga ƙasa da kimanin santimita 15, a kuma ƙarfafa kusurwoyin sosai, domin idan an ɗaure zare ɗari da wani abu a jiki, ƙarfin da suke ja da shi ya isa ya karkatar da firam ɗin da aka yi wa ƙusa ɗaya-ɗaya. Bayan haka a samo sanduna biyu miƙaƙƙu masu tsawon mita ɗaya, kaurinsu kamar na taɓarya siririya. Gwangwala busasshiya mai kauri tana yi, gora ma tana yi, haka nan bututun ƙarfe na ruwa idan ba shi da tsatsa. A kan waɗannan sanduna biyu zaren zai zagaya, saboda haka dole a goge su da samfefa har sai hannu ya wuce a kansu bai ji ƙaiƙayi ba.

Sandar ƙasa ana ɗaure ta ne tam a jikin katakon ƙasa, amma a can bakin dama da bakin hagu kaɗai, kuma a sa ɗan guntun katako mai kaurin yatsa biyu a tsakaninsu a kowane gefe, domin a bar rata da zare da ƙyalle za su riƙa wucewa ta ƙarƙashi. Sandar sama kuwa ratayewa ake yi daga katakon sama da igiya, a zagaya igiyar sau uku ko huɗu a kowane gefe, ta yadda idan an ja ta sandar za ta hau zaren ya ɗaure, idan an sassauta ta sauko zaren ya saki. Igiyar rama ko ta auduga ta fi ta roba, domin ta roba tana zamewa a ƙulli. A daidaita sandunan biyu tazararsu ta zama santimita 100, a auna da tef a dama, a auna a hagu, kada a yarda da awon ido.

Sauran kayan ba su da yawa. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne akwasa, wato faffaɗan itacen da ake buɗe zare da shi a kuma buga saƙar. A sassaƙa shi daga itace mai nauyi irin maɗaci ko ƙirya, tsawonsa ya kai santimita 60, faɗinsa biyar zuwa shida, gefe ɗaya a sirance shi ba tare da ya yi kaifi ba, kan nasa biyu kuma a fiƙe su kaɗan domin ya riƙa shiga tsakanin zare cikin sauƙi. Akwasa marar nauyi yana sa hannu ya gaji, saƙar kuma ta fito sako-sako. Sai sanda mai kauri kamar babban yatsan ƙafa wadda za ta raba zare biyu, da wata siririya mai ƙarfi ta allera, da wata kuma da za a naɗe zaren kwance a jikinta, wadda ake yi wa ɗan tsagi a kowane kai. A tanadi almakashi, da basilla, da rula, da zare mai santsi da ƙarfi irin wanda masu gyaran takalmi ke ɗinki da shi.

Zare da lissafinsa

Saƙa zare biyu ce, na tsaye da na kwance, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Zaren tsaye shi ne ke shan wahala: ana jansa, allera tana gogarsa, akwasa yana dukansa daga farkon aiki har ƙarshe. Saboda haka tun a da masu kaɗi suke bambanta zare mai murɗi sosai, wanda ake wadari da shi, wato jera zaren tsaye a kan masaƙa, da abawa mai kauri da laushi wadda ake ratsawa a kwance. Gwajin mai sauƙi ne. A kama zaren da hannu biyu a ja da ƙarfi; idan ya yi gardama sannan ya tsinke da ƙara, zai yi tsaye, idan kuwa ya saɓule a hankali ba tare da ƙara ba, na kwance ne.

Ko da akwai mai kaɗi a gida, shawarata ita ce aikin farko a yi shi da zaren auduga na kamfani mai matsakaicin kauri, wanda aka murɗa biyu ko uku a haɗe. Zaren mazari yana da kyan da na inji ba ya da shi, amma kaurinsa ba ya zuwa daidai, kuma mai koyo ba zai iya bambance kuskuren hannunsa da halin zaren ba. A guji zaren ulu da ake saƙa hular jarirai da kwarashi, domin yana talewa, yana kuma yin gashi ya manne da ɗan'uwansa. Idan zaren rinanne ne, musamman wanda aka tsoma a baba kamar yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata, a wanke shi a ɗauraye har ruwan ya washe kafin a haɗa shi da fari, in ba haka ba shuɗin zai bi farin tun a kan masaƙa. Wanda ya dage sai ya yi wadari da zaren hannu, to ya tsoma shi cikin ruwan sitaci ko kokon gasara mai ruwa-ruwa, ya matse, ya shanya shi a miƙe, domin ya ƙara ƙarfi gashinsa kuma ya kwanta.

Aikin farko kada ya wuce faɗin taƙi ɗaya, kimanin santimita 20. Domin a san yawan zaren da za a jera, sai a naɗa shi a jikin rula, kowane zagaye yana taɓa na kusa da shi ba tare da ya hau kansa ba, a ƙirga nawa ne suka cika santimita ɗaya. A ce an sami takwas. Tun da saƙar wannan masaƙa a matse take fitowa, zaren tsaye yana rufe na kwance, sai a ɗauki takwas ɗin nan a ninka sau 20, a sami 160. Kowane zare zai zagaya sandunan biyu, gaba da baya, wato kimanin santimita 210 idan an haɗa da kaurin sandunan, jimilla mita 336 ke nan. Na kwance, idan ya fi kauri har huɗu ne ke cika santimita ɗaya, zai ci abin da ya kai mita 140 zuwa 150. A sayi fiye da lissafin, kuma a saye shi a lokaci ɗaya, domin launin da za a samu a kasuwa bayan mako biyu ba lalle ne ya zo daidai da na farko ba.

Wadari

A nan ne kyan ƙyalle ko muninsa yake tabbata, tun ba a ratsa zaren kwance ko ɗaya ba, kuma mafi yawan abin da mai koyo zai ɗauka laifin hannunsa ne wajen saƙa, idan an bi diddigi, daga wadari ya samo asali. Ya kamata a zaɓi lokacin da za a fara a gama a zama ɗaya, domin hannun da ya ja zare da safe ba shi ne zai ja shi da yamma ba, kuma bambancin zai fito a jikin ƙyallen, gefe ɗaya a ɗaure, ɗaya a sake.

Da farko a ɗaure sandar sama a jikin katakan tsaye na ɗan lokaci domin kada ta riƙa lilo, a kuma tabbata an bar mata wurin hawa da wurin sauka, aƙalla santimita goma kowanne. A yi alama da alli a kan sandunan biyu, a nuna tsakiya da inda faɗin santimita 20 zai fara da inda zai ƙare. A ɗaura bakin zaren a sandar ƙasa a kan alamar hagu da ƙullin da za a iya kwancewa. Daga nan sai a hau da zaren ta gaba, a tsallaka sandar sama, a sauko ta baya, a bi ta ƙarƙashin sandar ƙasa, a sake hawa ta gaba. Kowane zagaye zare ɗaya ke nan a lissafi. Idan mutum biyu ne aikin ya fi sauƙi, ɗaya a tsaye yana miƙa ƙunshin zaren ta sama, ɗaya a zaune yana karɓa ta ƙasa yana jerawa.

Abu biyu ake lura da su a duk zagaye. Na farko, zare ya kwanta kusa da ɗan'uwansa, kada ya hau kansa, a sama da ƙasa duka. Na biyu, jan ya zama iri ɗaya, kuma matsakaici, domin ɗaurewar gaske da igiya za a yi ta daga baya. Bayan kowane zare ashirin a tsaya a shafa su da bayan yatsu. Wanda ya saki zai nuna kansa, sai a bi shi a janye sakin zuwa gaba tun bai yi nisa ba. Yana da kyau a ɗaura ɗan zare mai wani launi a kan kowane ashirin, saboda ƙirga ɗari da sittin daga farko duk lokacin da aka yi sallama a ƙofa abu ne mai gundura.

Ratsin launi a wannan saƙa a wadari ake shirya shi, tun da zaren tsaye ne ke bayyana a fuskar ƙyalle. Wanda yake son fari mai ratsin baƙi a gefe, misali, zai iya jera baƙi 16, fari 128, sannan baƙi 16. Duk inda za a sauya launi, a yanke zaren a daidai sandar ƙasa a ƙulla sabon a jikinsa, ta yadda ƙulle-ƙullen duka za su jeru a layi ɗaya. Idan an kai zare na ƙarshe, a ƙulla bakinsa a jikin zaren da ke kusa da shi, a koma a kwance na farkon nan daga sanda shi ma a ƙulla shi a jikin maƙwabcinsa. Dalili shi ne wadarin gaba ɗaya zai riƙa juyawa a kan sandunan yayin da saƙa ke ci gaba, kuma zare ɗaya da aka manta a ɗaure a sanda ya isa ya hana shi motsi. Kafin a ɗaure, a kama wadarin da hannu biyu a ja shi ƙasa har layin ƙulle-ƙullen ya wuce ta ƙarƙashi ya koma baya da kimanin taƙi ɗaya. Wurin nan ne ba za a saƙa ba, nan ne kuma almakashi zai bi a ƙarshe.

Sai a kwance ɗaurin wucin gadi, a ja igiyoyin sama kaɗan-kaɗan, dama sannan hagu, ana aunawa da tef, har zaren ya miƙe kamar tsirkiyar baka amma yana ɗan ba da kai idan an danna shi da tafin hannu.

Raba zare da ɗaura allera

Saƙa ba ta yiwuwa sai an raba zaren gaba gida biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ana musanya su. A zauna a gaban masaƙar inda haske yake zuwa daga baya ko daga gefe, a fara daga dama, a ɗauki zare na ɗaya a bar na biyu, a ɗauki na uku a bar na huɗu, ana zura sandar rabawa a bayan waɗanda aka ɗauka har a kai hagu. A sake bi a duba, domin zare biyu da suka tafi tare a nan za su tafi tare har ƙarshen ƙyallen. A ɗaura zare daga kan sandar zuwa ɗaya kan, ya ratsa ta gaban wadarin, saboda kada ta zame ta faɗi. Idan ta faɗi sai an sake tsintar zaren ɗaya bayan ɗaya.

Wannan sanda ta ba da baki na farko, wato ratar da ke buɗewa tsakanin zaren gaba da na baya, inda zaren kwance zai ratsa. Baki na biyu aikin allera ne, wadda za ta jawo zaren da ke baya ta fito da su gaba. A ƙasa da sandar rabawa, a tsinto waɗanda ke baya da yatsa ɗaya-ɗaya, kowanne ta tsakanin maƙwabtansa biyu, a zura akwasa a bayansu, a juya shi a tsaye a kan gefensa domin wurin ya buɗe. A ratsa zaren takalmin nan ta cikin wannan buɗaɗɗen wuri daga dama zuwa hagu, ƙunshinsa yana dama, a ɗaura bakinsa a kan sandar allera ta hagu. Daga nan sai a riƙa zura yatsa tsakanin zare da zare a jawo shi ya yi hanci, a rataya hancin a kan sandar a yi masa ɗan zarge, a wuce na gaba. Kowane hanci zai kama zaren tsaye ɗaya, tamanin ke nan a misalinmu. Tsawonsu dole ya zo ɗaya, kimanin santimita biyar zuwa shida, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce a kara rula a jikin sandar a riƙa zagayawa da ita, idan an gama a zare ta. Hancin da ya fi sauran tsawo ba zai ɗaga zarensa sosai ba, akwasa zai riƙa tsallake shi.

Abin da ya rage shi ne gindin saƙa. A zura siraran tsinken gwangwala biyu, ɗaya a cikin bakin da sanda ke buɗewa, ɗaya a cikin wanda allera ke buɗewa, a tura su ƙasa su zauna a kan sandar ƙasa. A samansu a ninka wani zare mai ƙarfi biyu a kitsa shi a jikin wadarin, ana murɗawa bayan kowane zare huɗu, ana duba alamar alli domin faɗin ya tsaya a santimita 20 daidai. Wannan kitso shi ne zai riƙe bakin ƙyallen ya kuma hana zaren taruwa wuri ɗaya.

Saƙar kanta

A naɗe zaren kwance a sandarsa bisa tsawo, daga tsagi zuwa tsagi, kada ya yi tudu da yawa. A jawo sandar rabawa ƙasa kusa da allera, a zura akwasa a cikin bakin da ta buɗe ta ƙasa da allera, a juya shi a kan gefensa. A ratsa zaren kwance daga dama zuwa hagu, a bar wutsiyar santimita biyar wadda za a lanƙwasa cikin baki na gaba. A kwantar da akwasa a tura zaren ƙasa, a zare shi. Sai a tura sandar rabawa can sama, a kama allera da hannun hagu a jawo ta zuwa ƙirji, a zura akwasa da dama a cikin sabon bakin. Kafin a ratsa zare, a fara buga akwasa ƙasa da hannu biyu sau biyu ko uku, domin wannan bugun da ake yi bayan an sauya baki shi ne yake danne zaren da ya gabata ya kulle shi. A juya akwasa, a ratsa daga hagu zuwa dama, a koma kan sanda. Aikin ke nan har ƙarshe, sanda, allera, sanda, allera.

Inda gwaninta take shi ne gefe. Zaren kwance ba a miƙe yake tafiya a cikin ƙyalle ba, yana hawa yana sauka a tsakanin na tsaye, don haka yana cin tsawon da ya fi faɗin ƙyallen. Idan aka ja shi ya miƙe kafin a buga, ƙarin da yake bukata daga gefe zai ɗebo shi, ƙyallen ya riƙa tsukewa a hankali har abin da aka fara da santimita 20 ya koma 16. Maganin shi ne a tsunkule zaren gefe da babban yatsa da manuni a daidai inda na kwance ya juyo, a ja har ya rungumi gefen ba tare da ya matse shi ba, sannan a bar sauran a karkace, bakinsa yana kallon sama, akwasa ne zai kwantar da shi. A auna faɗin bayan kowane yatsa huɗu na saƙa. Masu wannan aiki sukan kafa siririn tsinken gora mai tsini a kai biyu a bayan ƙyallen, kusa da inda ake saƙa, ya tokare gefe da gefe, ana matsar da shi sama yayin da aiki ke hawa, kuma yana da kyau mai koyo ya yi hakan tun daga farko. Idan an lura ƙyallen ya riga ya tsuke, kada a saki zare da yawa a lokaci ɗaya domin a rama, wannan gyaran gangar Auzinawa ne, gefen zai fito da hanci-hanci. Gara a warware zuwa inda faɗin yake daidai a sake.

Idan zaren kwance ya ƙare, ba a ƙulla shi. A bar ƙarshensa a tsakiyar baki, a ɗora sabon a kansa su haɗu na tsawon yatsa uku, a buga. Bugun zai riƙe su.

Zaren tsaye yakan tsinke, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe, domin auduga ta fi ƙarfi idan tana da ɗan danshi, shi ya sa yayyafa ruwa kaɗan a kan wadarin yake taimakawa. Idan ya tsinke, a ƙulla sabon guntu a jikin na sama, a bi da shi ta inda tsohon ya bi a sandar rabawa da hancin allera, a soka allura a jikin ƙyallen ƙasa da bakin saƙa a naɗe shi a kanta da ja daidai da na sauran. Bayan an saƙa santimita biyar sai a cire allurar, a ɓoye wutsiyoyin da basilla. Wani lokaci kuma baki yakan ƙi buɗewa saboda gashin zare ya sarƙe. A nan ba ƙarfi ake sa wa ba, sai a kaɗa zaren da bayan yatsu daga gefe zuwa gefe, a kuma ja allera kashi-kashi maimakon gaba ɗaya. Kafin kowane ratsawa a leƙa ta gefen bakin a tabbata babu zaren da ya rage a tsakiya, domin tsallake ɗaya da aka gani nan take warwarar zare biyu ce, wanda aka gani bayan taƙi guda kuwa aikin yini ne.

Juya wadari da sauke ƙyalle

Idan saƙa ta hau kamar santimita 30 zuwa 40, hannu zai fara ɗagawa fiye da kima, kuma za a ji zaren ya ƙara ɗaurewa da kansa, domin shi ma yana lanƙwasa a kan na kwance yana gajarta. A zare tsinken gwangwalan nan biyu na gindi, a sassauta igiyoyin sama, a kama ƙyallen ta gefe biyu a ja shi ƙasa ya wuce ta ƙarƙashin sanda ya koma baya, har bakin saƙar ya dawo kamar yatsa huɗu sama da sandar ƙasa. A mayar da allera da sandar rabawa sama. Kafin a ɗaure, a kara rula a tabbata bakin saƙar yana kwance daidai, bai karkata ba, domin idan aka ɗaure shi a karkace haka zai ci gaba. Za a ga sandar sama ba ta koma daidai inda take a da ba, ta ɗan sauko. Haka ya kamata, kuma saboda wannan ne aka bar mata wurin sauka.

Haka za a yi ta juyawa har farkon ƙyallen ya zagayo ta sama ya fara saukowa ta gaba. Yayin da abin da ya rage yake raguwa, baki zai riƙa ƙanƙancewa, sai a musanya sandar rabawa da wata siririya, a kuma rage zaren da ke kan sandar kwance. Idan saura santimita 35 zuwa 40, a tsaya. A yanke zaren kwance a bar tsawon da ya ninka faɗin sau uku, a zura shi a basilla a dinga kama zaren tsaye huɗu-huɗu ana ɗinke su da layuka biyu na ƙarshe, tun ƙyallen yana ɗaure a kan masaƙa, domin a lokacin ne ya fi sauƙi. Sai a sassauta igiya, a yanke zaren a tsakiyar wurin da ba a saƙa ba, inda ƙulle-ƙullen wadari suke, a zare allera da sanda. Za a sami ƙyalle mai tsawon kimanin santimita 160, da geza a kai biyu.

Gezar a ƙulla ta takwas-takwas kusa da bakin ƙyalle, ko a murɗa ta, sannan a daidaita tsawonta da almakashi. A jiƙa ƙyallen cikin ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan, a matse ba tare da murɗewa ba, a shanya a inuwa, a goge shi da dutsen guga tun yana da sauran danshi. Zai ɗan ja da baya a tsawo da faɗi, zaren kuma zai zauna ya cike 'yan ƙofofin da ake gani a da. A auna shi kafin wanki da bayan wanki a rubuta, tare da yawan zaren da aka jera da irin zaren, domin da wannan awon za a yi lissafin aiki na biyu. Wanda yake son majanyi sai ya ninka faɗin zuwa santimita 40, zare 320 ke nan da irin wancan kauri, ya kuma sa a sassaƙa masa akwasa mai tsawon santimita 75. Zane kuwa ƙyalle biyu ne masu faɗi da ake saƙawa ɗaya bayan ɗaya da lissafi iri ɗaya, a kara gefensu ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, a ɗinke su da zaren da aka yi wadarin da shi.